IT na wata shida: ofishin fito a Apapa ko kamfanin tireloli a Kano?

Ɗan Kurna: Assalamu alaikum. Makaranta ta sake mu zuwa IT (horon koyon aiki na ɗalibai), wurare biyu suka karɓe ni: ofishin masu fito da kaya daga tashar jirgin ruwa a Apapa, da wani kamfanin tireloli a Sharaɗa. Yayyenmu da suka riga mu, ina zan nufa?

Baban Hanif: Wa'alaikumus salam. Kana da masauki a Legas?

Ɗan Kurna: Kawuna yana Agege.

Baban Hanif: Agege zuwa Apapa kullum? Alawus ɗinka a mota zai ƙare.

Abu Sumayya: Ƙanena, ni a Apapa na yi nawa. Ka je, amma bari ka ji abin da na gani. Wani ɗan kasuwar Kano ya yo odar kayan gyaran babur daga Sin, kwantena mai ƙafa 40. Jirgi ya sauke kaya, sai aka tarar bayanin da ke kan bill of lading (takardar kayan da kamfanin jirgi ke bayarwa) ya sha bamban da na Form M (takardar shigo da kaya) ɗin da ya buɗe a banki, don haka PAAR (rahoton kwastam na kimanta kaya) ya ƙi fitowa, kuma idan babu shi ba maganar biyan kuɗin kwastam. Gyaran sai daga wurin wanda ya turo kayan, shi kuwa sa'ad da muke buɗe ofis yana shirin tashi daga aiki. Kwanakin kyauta na kamfanin jirgi 'yan kaɗan ne, suna ƙarewa damarej (kuɗin jinkirin kwantena) ya fara hawa kullum, masu tasha su ma suna lissafa kuɗin ajiyarsu daban, kuma duk daɗewa farashin kwana ɗaya ƙaruwa yake. Da aka gama da takardu sai neman mota mai tikitin Eto (izinin shiga tasha ta intanet), don tun Fabrairun 2021 tirela ba ta shiga tasha sai da shi. Kaya suka isa Kano, Alhaji ya yi hamdala, bai san agogo na ci gaba da bugawa ba har sai an mayar da kwantenar fanko Legas. Ajiyar da ya bayar ta kwantena kusan duk a can ta narke. Abin da ya fi ƙona min rai, ogan ofishinmu ya ɗauki waya a gabana ya ce wa Alhaji yaron IT ne ya riƙe fayil. Wallahi ranar da aka ba ni fayil ɗin na kai shi, amma ba ni da shaida. Don haka ka sayi ƙaramin littafi, duk takardar da ta shiga hannunka ka rubuta rana da lokaci da wanda ya ba ka, wanda ka miƙa wa ya sa hannu. Ko ya ɓata fuska, ya sa.

Maman Ilham: Allah Ya saka maka. Ɗora wa ɗan IT laifi ya zama ruwan dare.

Baban Hanif: Gudun kuɗin riƙe kwantenar nan ne ya sa da yawa suke juye kaya a Legas cikin wata motar, su mayar da fanko nan take.

Bazazzagi: Duk wannan wahala ta mece ce? Ga tashar tsandauri a Kakuri tun 2018, ga NITT, makarantar koyon harkar sufuri, a Zariya. Ilimin sufuri a gidanmu yake.

Bakanon Asali: Malam, mu ma Buhari ya buɗe mana ta Dala a Zawaciki a Janairun 2023. Ku kuna da makaranta, mu muke da kayan da ake ɗauka.

Bazazzagi: Kayan ma ta ƙofarmu suke wucewa kafin ku gan su.

Maman Ilham: Ku bar yaro ya samu amsa don Allah. Ɗan Kurna, ni wurin masu fitar da riɗi da zoɓo a Dawanau na yi, kuma ban yi nadama ba. A can za ka san takardar fitar da kaya ta NXP da feshin maganin ƙwari da gwajin danshi. Abu na farko da mai kula da sito ya koya min: kafin 'yan dako su ɗora buhu ko ɗaya, mutum ya shiga cikin fankon kwantena a rufo masa ƙofa. In ya hango haske ko kamar tsinin allura, ruwa zai shiga ta nan, a mayar da ita. Ya kuma shinshina, don riɗi na ɗaukar wari. In an gama lodi ka ɗauki hoton sil (hatimin kulle kwantena) yadda lambar za ta fito sarai, ka gwada ta da wadda aka rubuta a webil (takardar rakiyar kaya) harafi bayan harafi.

Na Maraɗi: Gaskiya ne Hajiya. Mu a Kwatano muka yi namu. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 iyakar Benin ta rufe, kaya suka koma bi ta Lome da Burkina, hanya ta yi tsawo, kuɗin mota ya tashi. Wanda ya san hanya ɗaya kawai, zama ya yi.

Ɗan Kurna: To kamfanin tirelolin fa? Babu wanda ya ce komai a kansa.

Baban Hanif: Can direbobi za ka koya, kuma ba ƙaramin karatu ba ne. Direba zai ce maka yana Lakwaja alhali bai bar Ogere ba. Ka karɓi lambar yaron motarsa, kuma kada ka yi wa direba tsawa a waya, ya girme ka kuma kayan mutane na hannunsa. Ka iya lissafin man dizal da kuɗin hanya kafin mota ta tashi.

Abu Sumayya: Ka tambayi kowannensu ko za su bar ka ka taɓa takardu ka kuma fita fili. A wani ofishin, sayen abinci da hoton takardu kawai za ka yi har wata shidan su cika.

Bakanon Asali: Wai har yanzu NICIS, manhajar kwastam ta shigar da takardu, ake amfani da shi?

Abu Sumayya: Kwastam sun fara komawa sabuwar manhajarsu B'Odogwu tun 2024. Ɗan Kurna ya nemi wanda zai zaunar da shi gaban kwamfuta ya nuna masa.

Maman Ilham: Kuma ya riƙa cike logbuk duk mako, jami'in ITF, hukumar da ke kula da IT, zai duba.

Ummu Khairat: Afuwan na shigo a makare. Akwai mai motar da za ta sauka Legas fanko ranar Alhamis? Muna da citta a Kafanchan.

Baban Hanif: Buhu nawa? Yi min magana ta gefe.