Don Allah yara ma suna yin sankarar jini?

Assalamu alaikum, admin a ɓoye sunana. Daga Ƙofar Ƙaura nake. Yarona ne ɗan shekara 4, wata biyu kenan zazzaɓi ya ƙi sakinshi, sau uku ana mishi allurar maleriya, ya yi fari fat har tafin hannu, an ƙara mishi jini leda biyu kuma ba sikila ba ne, AA ne. Da dare kuka yake ƙafa ƙafa, ga wasu tabo baƙi-baƙi a ƙwauri alhali bai faɗi ba, jiya ma ya yi haɓo. Likita ya ce yana zargin sankarar jini, mu je Kano a ɗebi ɓargo a auna. Kakarshi ta ce atafau, wai sankara ciwon manya ne kuma in an taɓa ɓargo yaro ya gurgunce. Wallahi na rasa yadda zan yi.

Anti nas, Daura: Ƙanwata sannu, Allah Ya ba shi lafiya. Yara suna yi, ita ce ma sankarar da aka fi samu a yara a duniya, kusan kashi ɗaya cikin uku. Kuma ba iri ɗaya ba ce. Akwai wadda likitoci ke ce ma ALL, a yara huɗu masu ciwon wajen uku ita ke gare su, ta fi kama 'yan shekara 2 zuwa 5 kamar naki, kuma ita ta fi jin magani. Sai AML, ta fi wuya kuma maganinta daban. A ɓargo ake yin jini, can ciwon ke farawa, fararen ƙwayoyin jini marasa ƙwari su cika wurin su hana sauran fitowa, shi ya sa jinin da ake ƙara mishi ba ya zama. In ba a auna ɓargon ba da wane magani za a fara? A ƙashin ƙugu ta baya ake ɗiba, ɗan kaɗan, ba a kusa da laka ba, ba ya gurgunta yaro.

Maman biyu: Ki tafi da kakar wajen likita ta ji da kunnenta, ta fi yarda. Ki gaya mata ba a ɗauka, kar a raba mishi kwano da 'yan uwanshi.

Wani baba: 'Yata ta yi ALL. Abin da zan gaya miki 'yar uwa, maganin ya fi shekara biyu, bayan wata ɗaya za ki ga ya miƙe yana wasa kamar ya warke, mutane su yi ta cewa a daina haka nan kuɗi sun ƙare. Kar ki daina. Gashi zai zube amma yana fitowa. In ya yi zazzaɓi lokacin magani ko tsakar dare ne asibiti, ba kemis ba.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, na karanta ma babanshi, Litinin za mu kama hanya in sha Allah. Masu jinin O da ke Kano don Allah ku yi ma admin magana, an ce mu tanadi masu ba da jini.