"Araha ba ta ado": karin maganar nan ta hau kan kuɗin fasfo kuwa?

Baban Ummi:
Salamu alaikum jama'a. Jiya bayan isha'i gardama ta kaure a majalisarmu kan kuɗin fasfo. Kun san tun 1 ga Satumban 2025 Hukumar Shige da Fice ta mayar da mai shafi 32 na shekara biyar naira 100,000, mai shafi 64 na shekara goma kuma 200,000. Ana cikin ƙorafi sai wani maƙwabcina ya gyara zama ya ce, "Ai araha ba ta ado." Kowa ya yi tsit. Ni dai na kwana abin yana cina, don ji na yi kamar an ɗora wa jaki sirdin doki. Masana, ya faɗi karin maganar a muhallinta?

Hajiya Mai Atamfa:
Wa'alaikumus salam. Baban Ummi, ni da nake yini a Kantin Kwari, karin maganar nan a bakina take kullum. Mace za ta ɗaga atamfa ta ce ta yi tsada, sai in ɗauko mata mai sauƙin in shimfiɗa su gefe da gefe, in ce ta murza bakin kowacce da yatsa. Ɗaya kati ne kawai, wanki ɗaya ta zuba, ɗayar kuwa har jika sai ta gada. Nan ne nake cewa, "Hajiya, araha ba ta ado." Amma fa kaya biyu ne a gabanta, in ba ta so ta wuce shagon gaba. Shi fasfo, ina shagon gaban?

Ɗan Boko:
Hajiya, ki yi haƙuri, ni ina bayan maƙwabcin. A yi lissafi mana. Dubu 200 a shekara goma, dubu 20 ke nan a shekara, wajen naira 55 a rana, ko ruwan leda biyu da ƙyar. Hukumar ta ce ta yi ƙarin ne don kare ingancin fasfon, kuma ministan cikin gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya ce zai sa a riƙa samun fasfo da wuri, a toshe ƙofar cin hanci. Shi ne fa ya share fasfo sama da 200,000 da suka maƙale a 2023. In za a biya da tsada a samu a kan kari, ai ma'anar karin maganar ke nan.

Malam Na Bakin Kasuwa:
Ɗana Ɗan Boko, lissafinka daidai ne, amma an ce maka ana karɓar naira 55 ɗin kullum, kamar adashi? Dunƙule ake biya.

Bari in koma kan maganar kanta. Ku lura da kalmar "ado". Bahaushe bai ce araha ba ta ƙoshi ba, bai ce ba ta magani ba. Ado shi ne abin da ake ƙarawa bayan an rufa asiri: aikin wuyan babbar riga, kayan doki ranar hawan sallah, kwanukan jeren amarya. Wanda ya ga ba zai iya ba sai ya haƙura, ba abin da zai same shi. Kuma da mai saye ake, wanda ya bar mai kyau ya bi mai sauƙi don ƙyashin kuɗi, ya dawo yana cizon yatsa. Gargaɗi ne ga mai zaɓi.

To fasfo ado ne? Tsohuwar da 'ya'yanta suka haɗa mata kuɗin Umara, ko yaron da ya samu gurbin karatu a Azhar, ko mai ciwon ƙoda da likita ya ce sai Indiya ko Masar, wanne a cikinsu ya fito neman ado? Mai sayarwa ɗaya ne, farashi ɗaya ne, ba tayi ba albarka. A nan ba "araha ba ta ado" ake cewa ba, "dole ƙanwar na ƙi" ake cewa.

Ɗan Boko:
Allah gafarta Malam, na karɓi gyara kan kalmar. Sai dai wanda ya iya biyan kujerar Hajji ta sama da naira miliyan 8 a 2025, dubu 100 ce za ta tsayar da shi?

Hajiya Mai Atamfa:
Kai yaro, kana ganin duk mai zuwa Makka attajiri ne? Akwai wadda ta shekara bakwai tana kiwon tumaki tana tarawa. Kuma ba ita kaɗai za ka duba ba. Ƙanena direba ne, mata ɗaya da yara uku, ka ninka dubu 100 sau biyar ka gani.

Ma'aikacin Gwamnati:
Ni abin da ya fi tsaya min a rai shi ne saurin. Kafin Satumban 2024 ƙaramin 35,000 ne, babban 70,000. Aka mayar da su 50,000 da 100,000. Shekara guda cif aka ninka su. Mafi ƙarancin albashi kuwa yana nan a 70,000 ɗin da aka sa wa hannu a Yulin 2024, wato masinjan ofishinmu ko ya ɗaure cikinsa wata guda bai ci komai ba, albashinsa bai kai kuɗin ƙaramin fasfo ba. Ga cire tallafin mai tun 2023. Karin maganar da ta dace da mu ita ce "ana kukan targaɗe sai ga karaya". 'Yan'uwanmu na ƙasashen waje kuma ba a taɓa nasu ba, dala 150 da dala 230 yadda suke.

Ɗan Boko:
Yallaɓai, dala 150 ɗin ka canza ta zuwa naira ka gani, ta fi taka dubu 100 nesa. Su tuni suke biyan tsadar.

Ma'aikacin Gwamnati:
Su da dala ake biyansu albashi.

Baƙon Maraɗi:
Sannunku. A wajenmu "arha ba ta ado" muke cewa, kuma na sha jin dattawa na faɗinta da zolaya, in mutum ya sayo takalmi ya tsinke masa tun kafin ya kai gida. Ban taɓa jin mai kaya ya ƙara kuɗi a kan hajar da take ita ce dai ta jiya, sannan ya kare kansa da ita ba. In ya yi haka a kasuwa dariya za a yi masa.

Baban Ummi:
Baƙo ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Lokacin da zan sabunta nawa, wani mai shagon kwamfuta ya cike min fom ta intanet, ya juya harafi ɗaya a sunan mahaifina, ya saɓa da abin da ke kan lambar NIN. Na yi ta safa da marwa, ga kuɗin mota, ga wani ɗan kamasho da ya ce in kawo "na goro" zai gyara min, ya karɓa ya kashe waya. Abin da na kashe a gefe ya kusa kuɗin fasfon. In da gaske ƙarin nan zai kori irin waɗannan, wallahi zan biya ina murmushi.

Malam Na Bakin Kasuwa:
To ka ga ko a nan ba a rasa abin faɗa ba. An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce mu gani a ƙasa. Ranar da mutum zai biya, a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, bayan mako ya karɓi fasfonsa ba tare da ya san kowa a ciki ba, ni da kaina zan zo majalisarku in ba maƙwabcin naka hannu.

Hajiya Mai Atamfa:
Malam, in za ka je ka biyo ta shago. Nawa zai ƙare bayan sallah, kuma mai shafi 64 zan yi, don biza ta cinye min shafukan wancan tun bai shekara uku ba. Zan kawo muku labarin kwana nawa ya ɗauka.