Abin da aka tattauna kan shan giya a lokacin aiki

Jama'a, maganar ta yi tsawo, ga abin da na tattaro.

1. Musulmi duk sun haɗu a kan haramcinta, an kawo aya ta 90 ta Suratul Ma'ida. 'Yan'uwa Kiristoci na Wusasa da Sabon Gari a Zariya ma sun ce zuwa aiki da maye abin kunya ne a wajensu.

2. An fi daɗewa kan direbobi da 'yan acaɓa. Masu cewa "ɗan kaɗan ne don ƙarfin jiki" sun sha martani: giya na rage hanzarin taka birki tun kafin mutum ya ji ya bugu. Hanta ce ke tace ta, a hankali take yi, cin goro ko wanke fuska ba ya gaggauta ta. Wanda ya ɗebo fasinja daga Kwangila zuwa Kano, amanar rayuka ce a hannunsa. Wallahi wannan ya fi damuna.

3. An tunatar cewa ba giya kaɗai ke sa maye ba, akwai tiramol da maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana a 2018.

4. An rabu kan abokin aikin da aka ji yana warin giya. Wasu sun ce a ja shi gefe a yi masa nasiha, a rufa masa asiri. Wasu sun ce in mota ko inji yake riƙe, a sanar da shugabansa nan take. Ina bayan na biyun.

5. Wanda hannunsa ke rawa in bai sha ba, kada ya yanke shan farat ɗaya shi kaɗai, yana iya jijjiga. Ya ga likita a asibitin koyarwa na Shika.