Don Allah meye bambancin "fall" da "fail"? Kaina ya ɗaure

Ɗalibar_dare:
Salam 'yan uwa. Jiya na tura wa ƙawata saƙo na ce "I fell my exam", sai kawai ta cika min waya da dariya wai "failed" ake cewa. Ni dai a Hausa duk abu ɗaya ne, mutum ya faɗi ƙasa, ya faɗi jarabawa, ya faɗi zaɓe, to su Turawa me ya sa suka raba? Kuma ina jin ana cewa "fall asleep", wace faɗuwa ce kuma a barci fisabilillahi?

Tsohon_malami:
Wa alaikissalam ƙanwata. Uku ma suka raba ba biyu ba, don wanda ya faɗi zaɓe "lost" za a ce masa. A kunne ne kalmomin nan suke kama, amma ba hanya ɗaya suka biyo ba. "Fall" 'yar gida ce tun tsohon Turanci, Jamusawa ma har yau "fallen" suke cewa. Ita kuwa "fail" baƙuwa ce, daga Faransanci ta shigo bayan mutanen Nomandi da ke arewacin Faransa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, kuma tushenta kalmar Latin ce mai nufin yaudara. Shi ya sa nake ce wa ɗalibai na su daina fassara ta da faɗuwa, su ce gazawa, wato abin da aka sa wa rai ya ba da kunya. Birki ya ƙi ci, "the brakes failed". Shuka ba ta yi ba, "the crops failed". Babu wanda ya kai ƙasa a nan. Ki lura ma, "the teacher failed me" malami ya kayar da ni kenan, amma in aboki ya dube ki ya ce "you failed me" ba maganar maki yake ba, cewa yake kin watsa masa ƙasa a ido.

Mai_shiru:
Malam ya gama da wannan, bari in ɗauki ta barcin. Su in hali ya auka wa mutum ba da shirinsa ba sai su ce ya faɗa ciki, "fall asleep", "fall ill", "fall in love". Mu kuma juyawa muke, barci ya ɗauke shi, ciwo ya kama shi, abin ne yake zuwa ya same ka. Inda "fall" ta fi rikita ni wallahi shi ne in an liƙa mata ƙaramar kalma a baya, "fall out" an ɓata kenan, "fall through" magana ta wargaje bayan an kusa ƙullawa, "fall for" kuwa ko dai son mutum ya kama ka ko ɗan damfara ya yi wuf da kai, sai ka duba sauran zancen kafin ka gane wanne ake nufi. A Amurka ma lokacin da ganye ke zubewa kafin sanyi "fall" suke kiransa, 'yan Ingila su ce "autumn".

Ba_ruwana:
Kun manta faɗuwar jikin ma kala-kala ce. Tuntuɓe "trip", santsi ya kwashe ka "slip", gini ya rufta ko mutum ya yanke jiki "collapse". Kuma in kofi ya suɓuce miki kar ki ce "I fell the cup", "dropped" ne. Ni shekara nawa ina rubuta "I felt down" ina nufin na faɗi, ashe mutane karantawa suke wai raina ba daɗi, shi ya sa ake ta ba ni haƙuri ba wanda ya tambayi ƙafar.

Ɗalibar_dare:
Hhhh Allah ya saka muku da alheri. To yanzu in na sake zana jarabawar na ci, "I rose" zan ce ko me?

Tsohon_malami:
"Passed" ƙanwata. Je ki yi karatu tukuna.