Dafaffen abinci a rumfar kasuwar manoma: yaya zai yi awa shida bai lalace ba?

Maman_Biyu:
Assalamu alaikum. Zan kama rumfar abinci a kasuwar manoma mai ci sau ɗaya a mako, daga ƙarfe 8 na safe zuwa 2 na rana. Babu lantarki a wurin, sai gas. Shinkafa da miya da kaza nake son yi. In dafa tun dare in zo in ɗumama, ko in dafa a can? Kuma kwano nawa zan shirya ranar farko?

Baban_Ummi:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin ki sayi tukunya, sayi ma'aunin zafi mai tsinke, wanda ake sokawa cikin abinci. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60 a ma'aunin Selsiyos, saboda haka mai zafi ya zauna sama da 60, mai sanyi ƙasa da 5. Kaza sai tsakiyar tsokarta ta kai 75, a auna inda ta fi kauri, kada tsinken ya taɓa ƙashi. Ki gwada ma'aunin cikin kofin ƙanƙara da ɗan ruwa. In bai nuna sifiri ba, kada ki yarda da shi.

Kular abinci kuwa, a zuba mata tafasasshen ruwa na minti 10, a zubar, sannan a sa abinci. In ba haka ba, jikinta ne zai fara shanye zafin. Ƙanana uku sun fi babba ɗaya, don kowace buɗewa zafi ke fita: ki riƙa ɗiba daga ɗaya, sauran na rufe. Ki auna duk bayan awa guda. Abin da ya sauka ƙasa da 60 amma bai kai awa biyu ba, a mayar wuta ya kai 75, sau ɗaya tak. Wanda ya yi awa huɗu a haka, zubarwa ake yi, ko da ƙamshinsa na nan.

Inna_Mai_Girki:
Malam ya faɗi gaskiya, sai dai ban da shinkafa a maganar ɗumame. Tana ɗauke da ƙwayar Bacillus cereus, wadda dafuwa ba ta kashe irinta. In shinkafa ta kwana da ɗumi-ɗumi cikin tukunya, ƙwayar ta farfaɗo ta saki guba, kuma gubar ba ta jin wuta. Ki ɗumama har ta yi tururi, mai saye zai yi amai cikin 'yan awoyi. Don haka, 'yata, shinkafa a rumfa za ki dafa ta, kashi biyu ko uku, na biyun ya hau wuta kamar awa guda kafin cikar kasuwa.

Miya ana iya yin ta tun dare, amma kada a sa babbar tukunya cikin firji yadda take, don tsakiyarta kan wayi gari da ɗumi. A juye cikin faffaɗan mazubi, zurfin miyar kada ya wuce santimita 5. Ta sauka zuwa digiri 21 cikin awa biyu, ta kai 5 cikin wasu awa huɗu. Da safe a tafasa ta sosai a kan wuta. Farantin da ke zaune bisa ruwan zafi riƙe zafi kawai yake yi, ba ya ɗumama mai sanyi.

Maman_Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura lissafin yawa.

Dan_Rumfa:
Kilo ɗaya na ɗanyar shinkafa yakan ba da kilo biyu da rabi zuwa uku, wato kwano 10 zuwa 12 in kina zuba giram 250. Kaza tana rage kusan rubu'in nauyinta a wuta, ki yi lissafi da dafaffiya. Ludayi ɗaya za a riƙa zubi da shi, ko wa ke tsaye a rumfar. Hannu yakan ƙara ba a sani ba, ta nan riba ke tsiyayewa. Kuɗin kayan girki kada ya haura kashi ɗaya cikin uku na farashin kwano, don sauran ne zai biya rumfa, gas, mazubi, leda, mota da ladan mai taimako.

Yawan kwano kam, je ki kasuwar mako guda kafin ki fara, ki tsaya kusa da mai abinci ki ƙirga masu saye a lokacin cika. Ki shirya ƙasa da abin da kika gani. Gara ya ƙare da wuri da ki koma gida da tukunya. Ki tambayi hukumar kasuwa da ofishin duba-gari tun yanzu: wasu wuraren ba sa yarda da abincin da aka dafa a gida sam, wasu kuma suna so a sayi kayan miya daga manoman kasuwar.

Baban_Ummi:
Ƙari a kan gas. Tukunyar gas ɗin ta tsaya a miƙe, nesa da murhu, a shafa kumfar sabulu a mahaɗar tiyo. In ta yi ƙwai, yoyo ne. Iska tana cin wuta da gas, ki kare murhu ta gefe uku da kwanon rufi, kuma kowace ƙafar rumfa a ɗaure mata nauyin kamar kilo 18. Mai in ya kama wuta, a kashe gas a rufe da murfi, ruwa ƙara masa yake.

A ajiye bokiti mai famfo da sabulu, da wani a ƙasa mai tarar ruwan. Mai karɓar kuɗi daban, mai zuba abinci daban. In ke kaɗai ce, komai da cokali za ki ɗauka, wuƙa da katakon da suka taɓa ɗanyar kaza kuma su koma cikin jaka kafin a buɗe kular farko.