Wasa Na Cizo Kuwa? Musayar Baituka

Ɗan Tsohuwa:
Salamu alaikum 'yan zaure. Amsa-amonmu na yau "wa" ne, kada a karya.

Ku 'yan dandali, ina da tambaya,
Wane azzalumi wasanku ya taɓa tuɓewa?
A yi dariya, a tafa, kowa ya kama gabansa,
Da safe kuwa harajin nan dai ake tarawa.

'Yar Damagaram:
Yaya, taho Zinder ka kalli Wasan Kara,
Bayan girbi samari ke ta shiryawa.
Wannan ya zama sarki, wancan ya zama gwamna,
Ga soja da bindigar kara yana ta tsawa.
Takun mai mulki, tarinsa, har kwaɗayinsa,
A gaban idonsa yaran ke tonawa.

Ɗan Tsohuwa:
Ƙanwata, ai da izinin fada ake yin sa,
Mai rawanin ma yana cikin masu darawa.
Wasan gauta ma haka, matan gida su kwaikwayi sarki,
Ya yi musu kyauta, an toshe bakin kowa.

Malamin Samaru:
Ɗan Tsohuwa, in dai wasa ba ya cizo,
Me ya tayar da hankalin Turawa?
A 1949 aka harbe ma'aikatan kwal a Inugu,
Mutum 21, aka bar iyalai da kokawa.
Hubert Ogunde, mai wasan kwaikwayo, ya ɗora zancen a dandali,
Ya kawo Kano a 1951, hukuma ta ce ba nunawa.
Aka kama shi, aka ci shi tara,
Wa ke kai abin dariya kotu don hukuntawa?
Malam Aminu Kano ma, yana koyarwa a Midil ta Bauchi,
Da wasan ɗalibai ɓarnar En'e yake fallasawa.
Kafin NEPU ta kafu a 1950,
Dandali ne filin da ya fara sharewa.

Ɗan Tsohuwa:
Malam, ta Ogunde na ji, ban musa ba,
To ku na jami'a fa, masu bin ƙauyuka kuna zagawa?
Ku je Soba, ku je Maska, ku yi wasa kan taki,
Ku komo Zariya a ba ku maki, gonar tana bushewa.

Malamin Samaru:
Kai yaron nan bakinka da kaifi! Amma tsaya.

Buhun taki bai taɓa faɗowa daga dandali ba,
Wannan kam ba mai musantawa.
Amma salon da aka ɗauko a Samaru tun 1975,
Ba a barin ɗan kallo ya zauna yana gyaɗawa.
A tsayar da wasan a tsakiya, a ce "Baba, me ya kamata?"
Dattijon da ya saba durƙuso ya fito yana gyarawa.
Ya ce wa mai wasan dillali "ƙarya kake, ba haka aka raba ba",
A gaban dagaci, kowa na saurarawa.
Bakin da ya faɗi haka a bainar jama'a,
Ranar rabon gaske da wuya ya koma rufewa.

Ɗan Tsohuwa:
Da wuya, in ji ka. Ni dai na san dagatai,
Sun iya jiran baƙi su hau mota su yi ficewa.

'Yar Damagaram:
Yaya, gardamarka ta fi ta mai sayen akuya,
To azumi na tafe, tashe muke haɗawa.
Kai za mu sa ɗan majalisa, da tumbin tsumma,
Ka riƙa alkawarin rijiya kana mantawa.
Ƙofar gidan na mazaɓarku za mu fara,
In ba ya cizo, ka zo da wuri, ban da nokewa.