In doka ta yi shiru, me alƙali zai yi?

Ɗalibar Lauya: Salam 'yan uwa, don Allah in dokar da aka rubuta ba ta ce komai kan matsala ba, alƙali ra'ayinsa kawai zai bi? Abin na damuna wallahi.

Mai Nazari: A'a 'yar uwa, akwai ƙa'idojin da doka ta ginu a kansu. A 1882 a New York wani ya kashe kakansa da guba don ya ci gadon da aka yi masa wasiyya, dokar wasiyya ba ta hana ba amma a 1889 kotu ta hana shi, ta ce mutum ba zai ci ribar laifinsa ba.

Baƙo: Ai a fiƙihu ma makashi ba ya gadon wanda ya kashe.

Ɗalibar Lauya: To in ƙa'idoji biyu suka ci karo fa?